Tsagar da Galib Ya Toshe

Ranar da aka sallamo Hajja Tamam daga asibiti, ruwa ya wuni yana zuba a kan garin Salt da ke kusa da Amman, bai tsagaita ba sai gab da faɗuwar rana. Matakalar unguwar ta yi santsi, don haka a kan kujera maƙwabta suka hau da ita, ɗanta Galib yana gaba yana ta faɗin a yi a hankali. Ƙashin ƙugunta ne ya karye. Likita ya ce babu hawan bene, babu zaman wuri mai sanyi, shi ya sa aka gyara mata ɗakin ƙasa, wanda tun zamanin mijinta ba a ajiye komai a cikinsa sai tulunan man zaitun da buhunan alkama.

Da aka shigar da ita, sai ta sa a tsaya a bakin ƙofa, ta ƙare wa ɗakin kallo. An yi masa farin fenti, an kunna hitar kananzir a kusurwa, ƙasa kuwa daga bango zuwa bango kafet ne ja mai duhu, mai kauri, ko alamar haɗi ba a gani.

Ta ce, "Wannan ai ɗakin amarya ne. Wa kuka samo mini?"

Nawal, matar Galib, ta ce, "Wani tsoho ne, Hajja, haƙoransa biyu, amma yana da mota."

"To a ce ya zo da motar, haƙoran ya bar su a gida."

Rudaina, 'yar Galib, wadda ke karatun aikin jinya, ta yi dariya har ta kusa zubar da miyar ƙananan waken adas da ta ɗauko. Aka kwantar da tsohuwa, aka jingina mata matasai, aka baje faranti a ƙasa. Galib ya zauna yana shafa kafet ɗin da tafin hannunsa. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi. Ya shimfiɗa wa masallatai da manyan gidaje a Amman, amma bai taɓa yin aikin da ya kwanta masa a rai kamar wannan ba.

Hajja Tamam ta kai cokali baki, ta mayar, idonta na kan wani wuri kusa da bangon gabas.

"Galib, tsagar fa?"

"Na toshe ta, Umma. Ta nan sanyi ke shigowa."

Ta ajiye cokalin. A daidai lokacin ladan ya ɗaga murya daga masallacin ƙasan tudu, hasken da ya rage a taga ya koma toka-toka, gidan ya yi tsit kamar yadda yake yi kullum a wannan lokacin. Sai wani abu ya faɗo a tsakar gida, ƙwas, ya gangara har bakin ƙofar ɗakin ya tsaya.

Dutse ne, bai kai ƙwai ba. Galib ya ɗauka, ya ji shi da sanyi kamar an ciro shi daga ƙasan rijiya. Ya leƙa saman katanga, ya zagi yaran unguwa, ya dawo ya zauna. Bai gama zama ba na biyu ya faɗo, wannan karon a cikin ɗakin, a tsakiyar faranti, alhali rufin ɗakin dutse ne mai lanƙwasa wanda ko tururuwa ba ta da hanya a cikinsa.

Babu wanda ya ƙara cin abincin nan.

Galib ya san tsagar tun yana yaro. Doguwa ce, ta taso daga gindin bango ta ratsa daɓen simintin da mahaifinsa ya zuba, kuma in ka ɗora hannu a kanta za ka ji iska mai sanyi tana fitowa a hankali, tana komawa. Ana hana su wasa a ɗakin da almuru, shi kuwa ya ɗauka don kada su fasa tulun mai ne. Da ya zo gyaran ɗakin, sai ya dube ta da idon sana'a. Tsohon daɓe irin wannan ba a shimfiɗa masa kafet kai tsaye. Danshi zai taso, gam ya saki, ƙasan kafet ya yi baƙi, ɗaki ya kama wari. Sai an kankare, an wanke, an cike duk wani rami, an bar shi ya bushe.

Maiƙon zaitun na shekara da shekaru ya riga ya shiga simintin, ruwan sanyi ba ya fitar da shi. Don haka ya tafasa ruwa a babbar tukunya, ya zuba masa sabulu. Rana ta riga ta faɗi, yana sauri ya tafi asibiti wurin mahaifiyarsa, ya kinkimi tukunyar ya sheƙa a ƙasa ba tare da ya ce komai ba. Ruwan ya bi gangare ya zurare cikin tsagar. Ya ji wani sauti daga ƙasa, gajere, kamar an taka kyanwa, sai ya ce a ransa iska ce ke fita. Washegari da hantsi ya kwaɓa siminti, ya yi bismilla kamar yadda ya saba in zai fara aiki, ya cike tsagar tun daga bango har ƙarshenta, ya shafe da cokalin gini. Da ta bushe ya manna leda a wurin ya kwana, ya ɗaga bai ga ɗigon ruwa ko ɗaya a ƙarƙashinta ba. Sannan ya shafa maganin danshi, ya shimfiɗa soso, ya ja kafet a kai, ya ɗame shi da ƙarfen da ake dokawa da gwiwa har ya kwanta sumul.

Daga wannan yammacin jifa bai ƙara fashi ba. Da an kira magariba zai fara, ya tsaya kafin isha. Bai taɓa samun kowa ba, amma yakan faɗi dab da ƙafar Galib, duk inda ya zauna. Nawal ta tara duwatsun a bokiti ta kai bayan gida, da safe ta tarar da bokitin wayam.

Sai kafet ɗin ya fara tashi. Wani dogon kumburi ne ya fito, kamar maciji ya shiga ƙarƙashinsa ya miƙe, daidai bisa layin tsagar. Galib ya ɗage gefen bango, ya sake ja, ya sake ɗamewa har gwiwarsa ta kumbura. Kafet ɗin ya kwanta lafiya lau har la'asar. Da almuru, suna kallo, ya sake tasowa a hankali. Galib ya shinshina, babu warin danshi. Ya taɓa, a bushe yake. Da ya kara kunnensa sai ya ji bugu daga can ƙasa, mai rauni, da tazara tsakanin ɗaya da ɗaya, irin bugun wanda ya gaji.

Hajja Tamam ta ce, "Ubanka bai taɓa toshe ta ba. Da mai daɓe ya zo zai cike ta, hana shi ya yi. Akwai tsohuwar rijiyar ruwan sama a ƙarƙashin ɗakin nan, ta ƙafe tun kafin a kawo ni gidan. Ka buɗe musu, Galib."

"Su wa, Umma? In na buɗe, sanyin nan zai shiga ƙashinki, likita ya faɗa. Iska ce ta taru a ƙasa take neman hanya."

"Iska ce ke jifan ka da dutse?"

Ya tashi ya fita. Ba wai bai yarda da aljanu ba ne. Yana karanta su a cikin Alƙur'ani kamar kowa. Amma abu ne mai nauyi mutum ya yarda cewa aikin da ya yi wa uwarsa da hannunsa shi ne ya jawo mata fitina. Ya kunna karatu a ɗakin, ya yayyafa ruwan addu'a a kusurwoyi, ya ce zai wuce.

Wani yammaci kuwa ya wuce ɗin. Aka kira magariba, babu jifa. Kafet ya kwanta. Galib ya kara kunne, babu bugu. Nawal ta yi hamdala, ta dafa shayi da na'ana'a, har aka ɗan taɓa hira. Hajja Tamam kaɗai ce ba ta sha ba. Ta ce shirun nan bai yi mata ba.

Rudaina ce ke kwana da kakarta, wadda take kira Sitti, ita ke juya ta, ita ke ba ta magani. Washegari da yamma Nawal ta aike ta ɗakin da ruwan alwala, ta daɗe ba ta fito ba. Sai suka ji tsohuwar tana kiran sunan Galib da wata irin murya da bai taɓa jin ta yi ba. Ya shiga da gudu. Buta na kife a gefe. Rudaina tana durƙushe a kan layin tsagar, kallabinta ya zame, tana yagar kafet da farce, ba ta magana, ba ta kuka, sai wani numfashi mai nauyi. Farcenta biyu sun riga sun ɗaye, jini yana shiga cikin jan kafet ɗin yana ɓacewa.

Ya kama ta ta baya, ta yarfar da shi har ya bugu da bango, shi da yake ɗaukar naɗin kafet guda a kafaɗa ya hau bene. A nan gardama ta ƙare masa. Ya rarumo wuƙar aikinsa, ya ce to bari ya buɗe, kome zai faru ya faru. Bai kai ga ɗora bakin wuƙar ba ta cafke wuyan hannunsa. Ta ɗago kai. Idanun na Rudaina ne, amma mai kallon ba ita ba ce.

"Hannun nan ba zai ƙara taɓa wurin nan ba."

Muryar mace ce, mai kauri, a disashe, kamar ta wadda ta daɗe tana kuka. Wuƙar ta faɗi. Daga nan yarinyar ta sulale ƙasa.

Aka kai ta asibitin da take koyon aiki, aka auna jini, aka ɗauki hoton kai, ba a ga komai ba. Aka dawo da ita. Da rana tana kwance kamar tsumma, ba ci ba magana, ruwa ma sai an ɗura mata. Da rana ta karkata sai ƙarfi ya zo mata, ta ja jiki zuwa ɗakin ƙasa ko an kulle ta a sama, ta kwanta a kan layin tsagar ta manna kunci, tana kiran wani suna a hankali wanda ba sa ganewa. Kafin mako ya zagayo idanunta sun faɗa, zoben hannunta yana zamewa da kansa. Nawal ta daina yi wa mijinta magana sai da ido. Ranar da ta buɗe baki, da alkunyarsa ta kira shi, ta ce, "Abu Shahir, in ba ka je ka zo da Shehi Muflih ba, ni zan je, ko da rarrafe ne."

Shehi Muflih tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ɗan siriri, mai ciwon ƙirji, ba ya karɓar kuɗin kowa kuma ba ya son a kira shi mai aljanu. Ya iso bayan la'asar yana haki saboda matakala, ya zauna a tsakar gida ya huta, ya sa Galib ya faɗa masa komai tun daga ranar da ya fara aikin. Da aka zo kan tafasasshen ruwa sai ya rufe ido.

"Da almuru?"

"Da almuru, Shehi."

"Ka ambaci sunan Allah?"

"Ban tuna na yi ba. Amma da zan toshe na yi."

Shehin ya jinjina kai. "Ka ga inda aka samu matsala ke nan, Abu Shahir. Ka zuba babu suna, ka rufe da suna."

Ya sa aka kashe hita, aka buɗe taga, aka lulluɓe Rudaina da mayafi mai kauri, uwarta ta riƙe ta ta baya. Hajja Tamam ta ƙi a fitar da ita. Ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya fara karatu da ƙaramar murya, ba gaggawa, yana tsayawa ya yi tari ya ci gaba. Haske yana janyewa daga bango. Can sai yatsun ƙafarta suka fara rawa, rawar ta hau har kafaɗa, ta saki wata ƙara da ta sa karnukan tudun suka amsa.

"Ya isa! Ka ƙone ni, tsoho, ya isa!"

"Ni ba na ƙona kowa. Wace ce ke?"

"Dahma."

"Musulma ce ke, Dahma?"

"Na fi mai gidan nan sallah."

"To me Musulma take yi a jikin 'yar mutane, ta hana ta ci, ta hana ta sallah?"

Kan yarinyar ya juya a hankali har ya fuskanci Galib. "Tambaye shi. Muna ƙasan nan tun kafin a ɗora dutsen farko na gidan nan. Mun taɓa fasa musu ko da kofi? Uwata tsohuwa ce, ta hau bakin hanya tana shan iskar yamma, ya sheƙa mata wuta a ƙafafu. Na fita neman abin da zan shafa mata, na dawo na tarar ya rufe ƙofa da sunan da ba na iya karyawa. Ina waje, tana ciki. Na yi jifa, bai ji ba. Ta yi bugu har hannunta ya gaji, yana kara kunne yana ji, ya tashi ya ƙara ɗame mata rufi a kai." Muryar ta karye. "Yanzu ta daina amsa mini."

Galib ya tuna yadda ya ji daɗi ranar da bugun ya tsaya.

Shehin ya ce, "Bai gan ku ba, bai san kuna nan ba. Kuskure ne. Ke kuwa da gangan kika shiga yarinyar da ba ta yi miki komai ba. Da ya ɗauko wuƙa zai buɗe, me ya sa kika hana shi?"

"In bar shi ya nufi uwata da ƙarfe? Wanda ya zo da wuta?"

"To ga ni. A gabana zai buɗe. Ki fita."

"Sai an yanka baƙin rago a bakin ramin."

"Ba a yanka sai don Allah. Kin ce ke Musulma ce, kada ki ƙara faɗa."

"To a bar mana ɗakin."

"Ɗakin wannan baiwar Allah ne da ke kwance, ba ta iya hawa sama. Ƙasar Allah da faɗi, ga kwaruruka can babu kowa."

Sai muryar ta sauko ƙasa ƙasa, ta fi ƙarar ɗazu ban tsoro. "Ya buɗe. In tana da rai, mu tafi. In babu, wannan ma ba za ta kai asuba ba. Uwa da 'ya, an yi daidai."

Nawal ta fashe da kuka ta ƙanƙame 'yarta. Daga kan gado Hajja Tamam ta yunƙura ta ce, "Ke Dahma, in rai kike so ga nawa, ya riga ya tsufa. Ki bar mini jikata."

"Hajja, yi shiru!" Shehin ya daka mata tsawa, karo na farko da ya ɗaga murya. "Ba naki ba ne balle ki bayar." Ya juya ga yarinyar. "Ke ma ba a hannunki yake ba. In uwarki ta rasu, kwananta ne ya ƙare, ki kai ƙara wurin Wanda zai yi muku shari'a ke da shi. Amma in kika taɓa yarinyar nan, wallahi ba zan tashi daga nan ba, ba zan daina karatu ba, sai ɗayanmu ya ƙare. Ni tsoho ne, ba ni da wani aiki gobe." Ya dubi Galib. "Yi bismilla da ƙarfi, ka buɗe."

Galib ya durƙusa. Ya riƙe wuƙar da hannu biyu. Ya tsaga kafet ɗin daga bango zuwa tsakiyar ɗaki, ya yaye soson, ya ɗauko guduma da cizal. Simintin ya kama sosai, don shi ya kwaɓa shi, bai yi masa ha'inci ba. Yana sara yana jin idon nan a bayan wuyansa. Gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin. Can cizal ɗin ya zurma, wata iska ta huro daga ƙasa, mai sanyi, mai warin tsohuwar ƙasa da wani abu kamar ƙonanniyar fata. Ya ci gaba har ya buɗe tsagar gaba ɗayanta, ya ja da baya.

Yarinyar ta zame daga hannun uwarta, ta rarrafa, ta kai bakinta ga ramin.

"Umma."

Babu amsa. A waje ladan ya fara kiran magariba, suka saurare shi har ya gama, babu wanda ya motsa.

"Umma, ni ce. An buɗe."

Galib yana kallon bayan 'yarsa, yana ganin ƙasusuwan kafaɗarta ta cikin mayafi. Leɓen Shehi Muflih na motsi ba sauti. Duhu ya cika ɗakin har ba a bambance fuska. Ta sake kira, wannan karon ba da kalma ba, da wani siririn kuka mai tsawo. Da ya ƙare sai ta fara ɗagowa a hankali, yatsunta suna lanƙwashewa, Shehin ya gyara zama ya ja numfashi zai ɗaga karatu.

Sai aka ji tari daga ƙasa. Ƙarami, busasshe, tarin tsohuwa.

Yarinyar ta kife a kan ramin tana magana da sauri cikin harshen da ba su sani ba, tana dariya tana kuka. Nawal ta zube tana hamdala. Amma da ta ɗago, muryar ta ce, "Ba ta iya takawa. Ƙafafun sun lalace. Ni kaɗai ba zan iya fitar da ita daga gidan da aka cika da karatu ba. Ka ara mini bayan yarinyar nan ta goya ta zuwa ƙofa."

Shehin ya ce, "A'a. Yarinyar nan ko kanta ba ta iya ɗauka."

"To ba za mu fita ba."

Galib ya ji bakinsa ya buɗe kafin ya yi shawara da zuciyarsa. "Ga nawa bayan. Ni na ƙona ta."

Shehin ya dube shi. "Abu Shahir, su kan yi ƙarya. Ban san me za ka ɗauka ba."

"Na ji, Shehi."

Tsohon ya juya ga yarinyar. "To ki saurara. Zuwa bakin ƙofar gida ne kawai, ba zai tsallaka ba. Ina bayansa da karatu. Da ya kai, ki fita daga jikinta ta ɗan yatsan ƙafa, kada ki taɓa ido, kada ki taɓa kunne, kada ki bar mata komai. Ba ke ba gidan nan, ba ke ba zuriyarsa. Rantse."

Ta rantse da Wanda ya halicci mutum da aljan, ya sa ta maimaita.

Galib ya juya wa ramin baya ya tsuguna. Da farko bai ji komai ba sai bugun zuciyarsa. Sannan wani sanyi ya taɓa ƙugunsa, ya hau a hankali, yana tsayawa yana hutawa. Hannaye biyu sirara kamar busasshen reshe suka zagayo wuyansa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya fi tsorata shi ke nan. Yana jin numfashinta a bayan kunnensa, gajere gajere, da ɗan nishi duk lokacin da ƙafafunta suka gogi jikinsa.

"Kada ka waiwaya," in ji Shehin. "Tashi."

Ya tashi. Ya fita daga ɗakin, ya shiga tsakar gida. Tsakar gidan da yake ratsawa kullum ba tare da ya lura ba ta yi masa tsawo kamar hanyar wani gari. Dutsen ƙasa a jiƙe yake, ya riƙa ajiye ƙafa a hankali don kada ya girgiza ta, ya ma tsinci kansa ya kai hannu baya ya tallafe abin da ba ya gani. Da ya wuce bishiyar lemun tsami nauyin ya fara ƙaruwa. Kafin ya kai zaure idonsa yana ganin duhu-duhu, hannayen nan suna ƙara matse masa wuya, bai sani ba ko riƙo ne na mai tsoron faɗuwa ko wani abu ne daban. Muryar Shehin tana binsa, tana sarƙewa da tari, tana dawowa.

Ya kai hannu ya zare sakata. Ƙofar ta buɗe ga matakalar unguwa, babu kowa sai fitilar titi da ruwa na gangara. Ya tsaya da yatsun ƙafarsa a bakin dokin ƙofa, ya durƙusa.

Hannayen suka saki. Kafin sanyin ya gama barin bayansa, wata murya ta tsufa, siririya kamar zare, ta yi magana dab da kunnensa.

"Ka iya goyo, ɗan mutum. Allah ya ba ka mai ɗaukar ka."

Daga cikin gida aka ji ƙara guda, sai atishawa, sai kukan Nawal. Wata 'yar iska ta bi ta gefensa ta sauka matakala, ta kaɗa ruwan da ke kwance, ta yi ƙasa wajen kwari.

Galib ya so ya tashi, ƙafafun suka ƙi. Ya zauna a nan jingine da ƙofa, haƙoransa suna haɗuwa, Shehi Muflih yana tofa masa addu'a a ka yana bubbuga kafaɗarsa. Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba. Abin da ya dawo da shi shi ne jan silifa a tsakar gida. Ya ɗaga kai ya ga Nawal tafe, Rudaina na dafe da ita, tana ɗingisa ƙafar hagu, yatsunta naɗe da tsumma.

"Baba, me ka yi wa kafet ɗin Sitti? Tana can tana cewa a zo a rufe mata taga." Muryar tata ce, a gajiye, amma tata ce. "Kuma ni yunwa nake ji. Tashi mana, ka zauna a ƙofa kamar baƙo."

Ya miƙa hannu. Uwar ta kama ɗaya, 'yar ta saƙala kafaɗarta a ƙarƙashin ɗayan, suka yunƙura tare.

Rudaina ta ce, "Wai! Baba, kai kuwa me kake ci haka?"

Ya buɗe baki zai ba ta amsa, kuka ya riga shi fitowa.